ZAUREN 'YAN MATA: BAƘO DAGA GULBI

Na san wasunku sun buɗe shafin nan da ɗokin jin yadda za ta ƙare tsakanin masoyan littafina mai fitowa. To ku yi haƙuri, yau hirar ta wani bawan Allah ce wanda bai da bakin kai ƙara, wato kunkurun ruwa.

Duk wadda ta tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ta san gulbi shi ne uwa shi ne uba. Shinkafar fadama daga gare shi, kifin miya daga gare shi. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a Argungu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma kowa ta ƙaton giwan ruwa yake yi. Ba mai tuna ƙananan halittun da koma da taru da ƙugiya ke jawowa ba da niyya ba. Wasu kuma ambaliya ce ke kawo su har cikin unguwa, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa a 2020. Ƙarshensu hannun yara, a huda bayansu a ɗaura igiya, a yi ta ja kamar mota.

Haka autarmu, 'yar aji 2, ta shigo mana da guda ɗaya cikin ɗankwalinta, bayan ta ba yara kuɗin tararta sun sakar mata. Inna na ganinta ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar nan, mi za ki yi da wanga abu? Gidan ga ya yi miki kama da gulbi?"

Ta juyo wajena idonta cike da ƙwalla. "Yaya, don Allah ki sa baki. Dubi bayanshi, jini ya kai."

Wannan ne ya sa na yi ta tambayar masunta da ma'aikatan asibitin dabbobi, ga kuma abin da na tattaro muku.

Da farko ki san wa kika tsinta. In bayansa mai tauri ne, yana lanƙwasa wuyansa gefe ya ɓoye kai, to shi ne ƙaramin kunkurun fadama, galibi ba ya wuce taƙi ɗaya. In ya tsorata yakan saki wani wari, kada ki ce ciwo ne. In kuwa bayan mai laushi ne kamar fata, ga dogon wuya da hanci kamar bututu, wannan kififiya ce. Tana cizo, kuma wani jinsinta kan kusa mita 1. Ita ba ta zaman baho, a nemi babba ya maida ita ruwa a ranar.

Na biyu, ƙoƙon bayan nan ba riga ba ce. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi. Huda shi azaba ce, shafa masa fenti ma cutarwa ce. In ya tsage, a wanke da ruwa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa inda ƙuda ba zai sauka ya yi masa tsutsa ba, a riƙa sa shi a ruwa kaɗan na ɗan lokaci kullum ya sha, sannan a kai shi wurin likitan dabbobi. In ƙugiya ce a bakinsa, kul kika ja zaren! Aikin likita ne.

To sai maganar masauki. Ba sai kin sayi akwatin gilashi irin na Turawa ba. Tsohon bahon wanki babba na roba ya isa, ko rabin gangar roba wadda ba a taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki ba. Faɗin ya kai kamar tsawon kunkurun sau 4 ko 5 don ya samu wurin iyo. Zurfin ruwan ya fi faɗin jikinsa, yadda in ya kife zai iya juyawa da kansa, don da hanci yake numfashi kamar mu, yana iya nutsewa ya mutu. Ki sa bulo ko faffaɗan dutse a gefe ɗaya ya ɗan fito saman ruwa, ki jingina katako ya zama matakala. Nan ne zai hau ya bushe. Ki jefa masa kainuwa kaɗan ko ki kifa fasasshen kasko ya samu maɓuya, shi ma yana da kunya kamar amarya. Sannan ki rufe bakin da ragar waya irin ta kaji, ki danne da dutse, saboda kare da ɓera da hankaka. Kuma kada tafiyarsa ta ruɗe ki, gwanin hawa ne.

Ina za a ajiye? Inda hantsi ke sauka, amma inuwa ta rufe shi kafin azahar. Hasken rana ne ke sa jikinsa ya amfana da sinadarin ƙashi da ke cikin abinci. In aka kulle shi a ɗaki wata da watanni, sai bayan ya yi laushi ya karkace. Amma kun san bazarar Kabi, zafi kan haura digiri 40. Baho a tsakiyar rana tukunya ce, dafa shi za ki yi. Da hunturu kuma ki shigar da bahon ɗaki da dare, ki fito da shi da safe. In ya rage cin abinci lokacin sanyi, ɗabi'arsa ce. A daji ma, in tafki ya ƙafe, binne kansa yake yi cikin laka har damina ta dawo.

Abinci fa? Ba tuwo, ba burodi, ba ragowar miya mai gishiri da yaji. Shi mai cin nama ne: tana, fara, gara, shinge, da ƙananan kifi ɗanye har da ƙayarsu, don ƙayar ce ke gina masa ƙashi. Masu sayar da kifi a kasuwa sukan bar 'yan mitsi-mitsin da ba mai saye. Ki guji farar gonar da aka yi wa feshi. A cikin ruwa yake haɗiya, saboda haka a ruwa za ki ba shi. Ƙarami kullum, babba kwana 2 ko 3 sau ɗaya, kuma gwargwadon girman kansa. Dabara ita ce ki ciyar da shi a wata 'yar roba daban, sai ruwan gidansa ya daɗe bai ɓaci ba. Kada kuma ki ce za ki shiga tafki neman masa dodon koɗi, nan ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Ruwan a canza shi duk bayan kwana 2 ko 3. Wannan zai hana wari, ya kuma hana sauro hayayyafa miki a tsakar gida. Ruwan rijiya ya yi. In na famfo ne, ki tara ya kwana a buɗe kafin ki zuba. Sabulu ko Omo kada su kusanci bahon.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne babbar magana. Kunkuru ko da lafiyarsa ƙalau yakan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela a jikinsa da kashinsa. Tana sa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa jarirai illa. Saboda ita ne a 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba, don yara na sa su a baki. Duk wadda ta taɓa shi ko ruwansa ta wanke hannu da sabulu. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kallo kawai. Ruwan da aka canza a zuba a gindin bishiya, nesa da madafa da wurin wanke-wanke. Bahonsa kuma ya zama nasa shi kaɗai, kada ki ce za ki yi wa ƙaninki wanka a ciki. Rigakafi ya fi magani.

Sai tambayar da ta fi ciwo: har yaushe za a riƙe shi? 'Yan uwa, kunkuru kan yi shekara 20 ko fiye. Ke da za ki tafi makarantar kwana, gobe kuma a kai ki ɗakin miji, wa za ki bar wa? Dukkanmu mun ji a Islamiyya labarin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, da makomarta. Don haka ki ɗauki bahon a matsayin asibiti. Da zarar raunin ya warke, yana ci yana iyo, ki roƙi baba ko yaya su maida shi kusa da inda aka samo shi, wuri mai ciyayi nesa da masu koma, kuma ya fi kyau da damina. Sai wanda ya nakasa har ba zai iya neman abinci ba ne ake riƙewa, shi ma da yardar mutanen gida.

Na san akwai mai cewa, "Mutane na fama da yunwa, ita tana ta kunkuru." Haba 'yar uwa, tausayi ai ba ya ƙarewa don an gutsura wa dabba. Kuma ga wata shawara kyauta: ki lura da yadda saurayinki ke yi da abin da ya fi ƙarfinsa, jaki ne, kyanwa ce, ko almajiri. Wanda zai shuri dabba yana dariya, ki tsaya ki yi tunani tun kafin a kawo lefe. Kalaman wasiƙa kowa ya iya, hali kuwa zanen dutse ne.

Wadda ke da tambaya ta aiko da wasiƙa kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.