Shinkafar Bakolori da sabon dillalin da ba ya zuwa kasuwa

Duk ranar Talata, kasuwar Talata Mafara kan cika da kayan gona daga ƙauyukan da ke kewaye: shinkafa, dankali, albasa, tumatir da gyaɗa. Yawancinsu albarkar ruwan madatsar Bakolori ne, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato domin noman rani a yankin da ya haɗa ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Shekara da shekaru, manomin Morai da maƙwabtansa sun san hanya ɗaya ta sayar da amfanin gona: a kai kasuwa, dillali ya yi ciniki, mai mota ya ɗauka zuwa Gusau, Sakkwato ko Kano.

Yanzu wani sabon dillali ya shigo harkar ciniki a duniya, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, Gemini da Meta AI. Mai gidan abinci a Abuja ko mai injin gyaran shinkafa a Kano na iya tambayar wayarsa inda zai samu shanshera buhu ɗari, manhajar ta ba shi amsa nan take. Kamfanin OpenAI ya ƙara wa ChatGPT sashen nuna kayan sayarwa da farashinsu a watan Afrilun 2025, kuma a Satumbar shekarar ya fara ba masu amfani da shi a Amurka damar sayen kaya daga cikin hira. Meta AI kuwa ta shigo WhatsApp a Najeriya tun Afrilun 2024. Duk wanda sunansa bai fito a irin wannan amsa ba, kamar ya kasa kaya ne a kasuwar da ta riga ta watse.

Abin da ya kamata ɗan kasuwar Zamfara ya fahimta shi ne yadda wannan dillali ke samun labari. Manhajojin suna karanta rubutun da ke buɗe a shafukan intanet ne, su tattara, su amsa tambaya da shi. Mafi yawan matasan yankin da ke talla ta waya kuwa suna yi ne ta hanyar saka hoto a sitatus na WhatsApp, ko tura saƙon murya a zauren abokai. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke, injin bincike ba ya shiga cikinsu. Hoton buhu da aka rubuta wa "akwai kaya, a yi magana" bai faɗa wa na'ura sunan kayan ba, bare nauyinsa ko garin da yake.

Gyaran ba ya buƙatar jari mai yawa. Ana buƙatar shafi buɗaɗɗe da kowa zai iya gani ba tare da rajista ba, ko na ƙungiya, ko a dandali irin Jiji, tare da sanya wurin kasuwancin a taswirar Google. A shafin, kowane kaya ya samu cikakken bayani a rubuce: shinkafa ce shanshera ko gyararriya, wane iri ne, ta damina ce ko ta rani, kilo nawa ne a buhu, nawa ne kuɗinsa, kuma a wace rana aka sa farashin. Batun awo yana da muhimmanci, domin tiya da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, mai saye daga Ibadan kuma kilo ya sani. A rubuta da Hausa da Turanci, tunda da yawa daga cikin manyan masu saye da Turanci za su yi tambaya. Ga masu shafin kansu, akwai tsarin Schema.org da Google, Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, wanda ke ware suna, farashi da samuwar kaya ta yadda na'ura za ta gane su ba tare da ruɗewa ba. Ɗalibin kwamfuta na iya koyon amfani da shi cikin ɗan lokaci.

Sai dai a Zamfara fitowa fili tana da haɗari. A yankin da 'yan bindiga ke sace mutane don kuɗin fansa, suna kuma aza wa ƙauyuka haraji kafin girbi, manomin da ya rubuta sunansa, ƙauyensa da yawan buhunan da ke rumbunsa a intanet ya yi wa ɓarawo jagora da kansa. Shawarar da masana kasuwancin intanet ke bayarwa a Legas ko Landan, cewa a bayyana komai, ba ta dace da Morai yadda take ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce talla da sunan ƙungiyar manoma ko ta masu amfani da ruwan Bakolori, da lambar wayar ofis guda ɗaya, da wurin karɓar kaya a cikin garin Talata Mafara. Mai saye ya san irin kayan da farashinsa, amma kada ya san rumbun wa suka fito.

Wasu za su ce ana maganar gina bene alhali ba a yi harsashi ba. Suna da hujja. A Satumbar 2021, an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako, kuma har yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Amma wannan hujja tana ƙarfafa batun ƙungiya ne: ba dole kowane manomi ya mallaki babbar waya ba, mutum biyu ko uku a gari sun isa su kula da shafin jama'a da yawa. Wasu kuma na tsoron za a kashe sana'ar dillalai. Dillalin da ya san ingancin shinkafa da hannunsa, ya san direbobi, ya san wanda ke cika alkawari, na'ura ba za ta maye gurbinsa ba. Shi ne ma ya fi cancanta ya riƙe shafin, domin amana ce ke sa baƙo ya tura kuɗi garin da bai taɓa zuwa ba.

Akwai kuma inda gaskiya ta zama jari. Manhajojin nan sukan yi kuskure, suna iya maimaita tsohon farashi kamar na yau ne. Shafin da aka bari wata uku ba a sabunta ba zai jawo wa masu shi rigima da mai saye. Wanda ya rubuta kilo 100 alhali buhunsa bai kai ba, ƙorafin da za a rubuta a kansa ma a buɗe yake, kuma na'ura za ta karanta shi kamar yadda ta karanta tallarsa.

Masu iya wannan aiki suna nan kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana Talata Mafara, Kwalejin Aikin Gona tana Bakura, ga kuma matasan jihar da suka shiga shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya. Gwamnatin Dauda Lawal da shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya haɗa waɗannan matasa da ƙungiyoyin manoma, a samar da shafi guda na amfanin gonar Bakolori, wanda za a riƙa sabunta farashinsa kowace Talata bayan an tashi kasuwa. Kuɗin da aikin zai ci bai kai na gyaran magudanar ruwa ɗaya ba.

An kashe maƙudan kuɗi wajen gyara magudanan Bakolori a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa, domin a ƙara yawan abin da ake nomawa. Idan amfanin gona ya ƙaru amma masu saye ba su ƙaru ba, farashi ne zai faɗi a kan manomi lokacin kaka. Neman sabbin masu saye, har da waɗanda ke tambayar na'ura kafin su buɗe jaka, shi ne rabin aikin da ya rage.