Najeriya da ƙoƙarin hana yaɗuwar makaman ƙare-dangi

Makaman ƙare-dangi su ne makaman nukiliya, da masu guba, da na ƙwayoyin cuta, waɗanda ke iya hallaka dubban mutane a lokaci guda. Najeriya ba ta taɓa mallakar makamin nukiliya ba, amma tana cikin ƙasashen Afirka da suka daɗe suna fafutukar hana yaɗuwarsa. Matsayinta shi ne a haramta makamin, a bar wa kowace ƙasa damar amfani da ilimin nukiliya ta hanyar lumana.

Asali

A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Gwajin ya tayar da hankalin ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda fargabar iskar hunturu za ta kwaso gurɓatacciyar ƙura zuwa kudu, har ƙasar Hausa. Da Faransa ta yi gwaji na uku a Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairu 1961, ta kuma yanke hulɗar jakadanci da ita. A lokacin watanni uku kacal ke nan da samun 'yancin kai.

Yarjejeniyoyi

A 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka ayyana a Alƙahira cewa suna son nahiyar ta kasance babu makaman nukiliya. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wato NPT, tun 1968. Burin Alƙahira bai cika ba sai bayan Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamanta shida ta shiga NPT a 1991. Hakan ya share fagen Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009. Najeriya tana kuma cikin ƙasashen da suka jagoranci Yarjejeniyar Haramta Makaman Nukiliya ta 2017, ta tabbatar da ita a ranar 6 ga Agusta 2020, daidai shekara 75 da harin Hiroshima.

Misalin Zariya

Inda aka ga amfanin waɗannan yarjejeniyoyi a aikace shi ne Zariya, wadda ba ta da nisa da Rogo da Ƙaraye a yammacin jihar Kano. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ana amfani da ita wajen horar da ɗalibai da gano sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci.

Matsalarta ita ce makamashin da aka zuba mata da farko: yuraniyom da aka tace har kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. Nauyinsa kimanin kilo ɗaya ne, bai kai a haɗa bam ba, amma ana gudun irin wannan sinadari ya faɗa hannun 'yan ta'adda su tara shi kaɗan-kaɗan. Bayan tattaunawar shekaru tsakanin Najeriya, Sin, Amurka da hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA, an sauya shi a 2018 da wanda aka tace kashi 13 cikin ɗari, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Gana ta riga ta yi haka da tata tukunyar a 2017. Tukunyar Zariya ta ci gaba da aiki, don haka binciken bai tsaya ba, haɗarin kuma ya kau.

Ƙalubale

NPT ciniki ce mai ɓangare biyu: ƙasashen da ba su da makamin su haƙura da shi, biyar ɗin da aka amince suna da shi, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, su kama hanyar kwance nasu. Afirka ta cika nata alkawari, ɗaya ɓangaren kuwa yana jan ƙafa. Tarukan bitar NPT na 2015 da 2022 sun watse ba tare da matsaya ba. Babu ƙasa mai makamin da ta shiga yarjejeniyar 2017. Rasha ta janye amincewarta da yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a 2023, Amurka kuwa ba ta taɓa tabbatar da ita ba.

Akwai kuma batun gaskiyar bayanai. A 2003 Amurka ta kafa hujja da zargin cewa Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom a Afirka, amma IAEA ta gano cewa takardun da suka ambaci Jamhuriyar Nijar na jabu ne. Duk da haka aka yi yaƙin, ba a kuma sami makaman ba. Wannan ya nuna cewa binciken hukuma mai zaman kanta yana tasiri ne kawai idan manyan ƙasashe sun yarda su saurari sakamakonsa.