Kafin a miƙa tsofaffin motocin gwamnati ga 'yan gwangwan

Duk wanda ya taɓa mayar da tsohuwar Marsandi daga giyar otomatik zuwa giyar hannu a Abuja ya san abin da ya sha. Ba giyabos kaɗai ake nema ba. Akwai faifan kuloci, da fedarsa, da farfela mai tsawon da ya dace. A samu wannan a garejin Apo, wancan sai an aika Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. In kuwa ba daga mota guda suka fito ba, da wuya su zauna daidai. Albashi ya ƙare, mota na kan dutse.

Abin takaicin, kayan suna kusa. A harabar ma'aikatu ba a rasa Marsandi da Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna tsatsa a rana. Ranar gwanjo kuma sau da yawa 'yan gwangwan ke kwashe su a farashin ƙarfe.

Ku da takardun gwanjon nan ke bi ta teburinku, ku sa a sanar da ƙungiyoyin makanikai tukuna. Gwamnati za ta ƙara samun kuɗi, lafiyayyen giyabos kuma ya tsira daga tukunyar narka ƙarfe.