Yaro Mai Tsoro Ba Ya Cin Ƙwallo

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan an gama girbi, samarinmu sukan tafi Kano cin rani. Da yawansu sukan nufi Bompai, da Sharada, da Challawa inda majemu suke, suna neman aikin lebura. Amma tun daga shekarun 1980 masana'antu da yawa a wuraren nan sun rufe, saboda ƙarancin lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Yaron da bai sami aiki ba, da la'asar sai ka gan shi a fili bayan katangar kamfani yana buga tamaula, yana fata ita ce za ta fisshe shi.

Ba mu ce tamaula banza ce ba. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar Nijeriya a 1978. Kano Pillars ta zama zakara a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. Ahmed Musa ma ya buga wa Pillars. A gasar cin kofin duniya ta 2014, Messi na Ajantina ya ci mu a minti na 3, Musa ya rama a minti na 4. Messi ya sake ci, Musa ya sake ramawa. An cinye mu 3 da 2, amma duniya ta ga yaron da gwiwarsa ba ta yi sanyi ba.

Ina ake samun irin wannan zuciya? A ganinmu, ana samunta ne inda aka kawar wa yaro da tsoro iri biyu.

Na farko, tsoron zagi. Yaro ya zubar da fenariti, manya a bakin fili sun yi masa ihu, mai koyarwa ya fitar da shi. Gobe idan ƙwallo ta zo ƙafarsa, sai ya yi maza ya rabu da ita. Mu da muke rainon dashe mun sani, ba a tsige shuka don ta yi yaushi rana ɗaya. Ban ruwa ake yi mata. A ja yaron gefe, a nuna masa inda ya kuskure, gobe a sake ba shi bugun.

Na biyu, tsoron yunwa. Yaron da ba shi da gona, ba shi da sana'a, kowane wasa ji yake kamar ransa ne a kai. Ƙafarsa sai ta yi nauyi. Irinsa ne kuma 'yan damfara suke ruɗa da alkawarin Turai, har uba ya sayar da hatsin rumbu. Wanda ya san yana da abin komawa a gida, shi ne yake wasa da sakin jiki.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta yi abu uku. Ta ware wa yara fili a ƙauye. Ta zaɓi dattijo mai haƙuri ya riƙa tsaya musu. Ta kuma ba kowane ɗan wasa 'yan kunyoyi a gonar ƙungiya, amfanin ya zama nasa. Cikin dubu, da wuya ɗaya ya kai Pillars. Amma sauran za su koyi faɗuwa su tashi, kuma ranar da fari ya zo, manomin da ya iya wannan shi zai sake shuka.