Rediyon Manhaja da Cutar Kaurin Murya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin taron biki ko na siyasa a Roni, Gwiwa, Kazaure ko Babura ya san irin sautin da masu lasifika suka fi so. Ana murɗa kauri har ƙirji ya riƙa amsawa, a ƙara amsa-kuwwa har kalma ɗaya ta koma uku. Jama'a su watse suna cewa kayan sautin sun yi, amma da za a tambaye su abin da mai jawabi ya faɗa, rabinsu sai dai su yi kame-kame. A wurin biki hasarar kaɗan ce. Abin tsoro shi ne wannan ɗabi'a ta bi matasa masu ilimin lantarki zuwa wani fage inda rashin fahimtar kalma ɗaya ke iya zama asarar rai: rediyon 'yan sha'awa, musamman sabon nau'insa da manhaja ke sarrafawa.

Rediyon da dattawa suka saba rungumewa, wanda ya kawo musu Sashen Hausa na BBC tun 1957 da Rediyon Kaduna tun 1962, komai nasa a jikin ƙarfe yake. Yadda masana'anta ta gina shi, haka zai mutu. Rediyon manhaja, wanda ake taƙaita sunansa da SDR, ya sauya wannan tsari. Eriya ta kamo igiyar, wata 'yar na'ura ta mayar da ita lambobi, sauran aikin kuma, wato tacewa da warwarewa da daidaita sauti, kwamfuta ce ke yi. Joseph Mitola ya yaɗa wannan tunani a farkon shekarun 1990, Eric Blossom ya fara manhajar GNU Radio a 2001, sannan a 2012 aka bazu da amfani da wani ƙaramin makamin talabijin mai ɗauke da guntun RTL2832U na kamfanin Realtek a matsayin rediyo mai arha. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, yana iya mallakar abin da a da sai babbar tasha.

Sauƙin nan shi ne tarkon. Manhaja tana ɗora wa mutum maɓallai goma sha a gaban allo, kowanne yana ƙara ko rage wani sashe na murya. Hannun da ya saba da lasifikar biki kuwa wuri ɗaya ya sani: kauri.

Ga abin da lissafi ya nuna. Ana auna sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz. 'Yan sha'awa masu magana a gajeren zango suna amfani da tsarin SSB, wanda ke ɗaukar murya daga wajen 300 zuwa 2700 ko 3000 Hz kawai. Tsarin rabon zango na ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, IARU, a shiyya ta ɗaya da Afirka ke ciki, ya iyakance faɗin murya a kan 2700 Hz. Dalilin a fili yake: zangon mita 40 gaba ɗayansa daga 7000 ne zuwa 7200 kHz, kuma Najeriya mai alamar kira 5N da Nijar mai 5U da dukan Turai a cikinsa suke cuɗanya. Wanda ya faɗaɗa muryarsa don ta yi daɗi, gonar maƙwabci ya shiga.

Ko da babu maƙwabci, mai son kauri kansa yake cuta. A tsarin SSB ƙarfin da na'ura ke fitarwa yana bin ƙarfin murya ne. Mafi yawan ƙarfin muryar ɗan Adam yana cikin wasula, a can ƙasa, alhali abin da ke bambanta kalma da kalma yana cikin baƙaƙe, waɗanda ba su da ƙarfi kuma suke sama. Wanda ya ƙara kauri ya kwashe wutar batirinsa ya zuba a sashen da ba ya ɗauke da saƙo sosai. Bugu da ƙari, kunne yana da wata ɗabi'a: sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan danne mai kaifi da ke samansa. Haka sara da shara da tsara da fara suke komawa kalma ɗaya a kunnen mai sauraro. Mafi yawan ƙarfin harafin s yana sama da 4000 Hz, wurin da rariyar SSB ta riga ta yanke, saboda haka kunne ya dogara ne da ɗan abin da ya saura tsakanin 1500 da 3000 Hz. Nan ne ya kamata a tallafa, nan ne kuma kauri ke binnewa.

Masu kare kauri suna da hujja guda da ta cancanci amsa. Sukan ce Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya ba su da bambanci sai a hawa da saukar murya. Tushen muryar namiji kuwa yana tsakanin 85 da 180 Hz, ta mace tsakanin 165 da 255, duk a ƙasa da 300. In an yanke nan, in ji su, an yanke karin sautin Hausa.

Hujjar tana da kyan gani, amma wayar tarho ta daɗe da rushe ta. Layin tarho na gargajiya daga 300 zuwa 3400 Hz yake ɗauka, kuma Hausawa sun shafe shekaru suna ciniki da gaisuwa da ta'aziyya a kansa ba tare da karin sauti ya ɓace musu ba. Sirrin shi ne murya ba ta fita da tushenta kaɗai. Muryar da tushenta yake 120 Hz tana tafe da ninkinsa: 240, 360, 480, 600, har sama. Ko an cire tushen, ƙwaƙwalwa tana gane shi daga tazarar da ke tsakanin ninke-ninken nan. Karin sauti yana tsira daga rariya. Abin da ba ya tsira daga kauri da amsa-kuwwa shi ne bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, da kuma tsayin wasali da ke raba gari na mutane da gari na tuwo, domin amsa-kuwwa tana jan gajeren wasali ta maishe shi dogo.

Ba a hana kauri wurinsa ba. Tashar FM tana da faɗin sauti har 15,000 Hz, kuma kalangun Mamman Shata ba ya jin daɗi a ƙuntataccen wuri. Amma tashar kiɗa daban, layin isar da saƙo daban.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: zaton cewa daidaita sauti zai gyara abin da ya lalace tun daga ƙofa. Makamin RTL2832U yana auna igiya da bit 8, wato matakai 256, abin da ke ba shi tazarar kusan desibel 48 tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi. Na'ura mai bit 16 a lissafi tana da ninkin haka. Idan tasha mai ƙarfi tana kusa, ko mai rediyo ya murɗa ƙarfin kamawa har ƙarshe, na'urar takan cika ta batse, tashoshin bogi su bayyana a allo, mai rauni ya nutse. Sannan ga hayaniyar gida. Ƙarancin wutar gwamnati ya sa gidaje sun koma sola, kuma inbata mai arha da cajar waya da ƙwan fitila na zamani duk suna feso ƙara a gajeren zango. Ƙauyen Roni da ya kamata ya fi birnin Kano shiru a iska yana iya rasa wannan falala saboda inbata ɗaya a ɗakin da rediyo yake. Babu maɓallin da zai dawo da muryar da ƙara ta cinye. Manhajar rage hayaniya ma idan aka matsa mata, sai murya ta koma kamar ta mai magana a cikin randa.

Tsarin aikin a jere yake. A fara da eriya, a ɗaga ta, a nisanta ta da wayoyin gida. A nemo tushen ƙara a kashe ko a matsar. A rage ƙarfin kamawa zuwa daidai buƙata. A ƙuntata rariya, domin rage faɗinta daga 6000 zuwa 3000 Hz yana zubar da rabin hayaniya, wato desibel 3, kyauta. Sai a ƙarshe a taɓa daidaita sauti: a yanke abin da ke ƙasa da 300, a ɗan ɗaga wajen 2000 zuwa 2500, a bar amsa-kuwwa a gidan biki. Mai son watsawa kuma ya nemi lasisi tukuna.

Wannan ba gardamar masu wasa da na'ura ba ce kawai. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, jihar da masarautar Kazaure ke iyaka da ita. A 2022 ambaliya ta raba garuruwan Jigawa da hanyoyinsu. Layin waya abu ne mai ɗaukewa. Rediyo a zangon mita 40, da batiri da waya a rataye tsakanin bishiyu biyu, yana iya kai magana ɗaruruwan kilomita ba tare da turken kowa ba. Ranar da za a buƙace shi, saƙon zai kasance sunan ƙauye, adadin mutane, sunan magani.

Akwai aikin da ke jiran ɗaliban Kazaure da Babura. Saitin da ke zuwa cikin manhajojin nan ba don Hausa aka tsara shi ba. Injiniyoyin sadarwa sun daɗe suna gwada ingancin layi a Turanci da jerin kalmomi masu kama da juna, a karanta, masu sauraro su rubuta abin da suka ji, a ƙirga. Hausa tana da kayan wannan gwaji a wadace: bata da ɓata, sara da tsara, kuka da kuka. A haɗa malamin harshe da na lantarki, a tara masu sauraro maza da mata, a gwada kowane saiti, a wallafa sakamakon. Ma'aunin rediyo shi ne yawan kalmomin da suka isa lafiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.