A Taimaka wa Masu Koyon Sa Barci a Tiyata

Edita,

Ina neman fili in yi magana kan likitocin da ke koyon sa majinyaci barci lokacin tiyata. Ƙanwata na cikinsu. A asibitinsu mutum-mutumin roba ɗaya tal ake koyon zura bututun numfashi a kansa, shi ma ya yage. Sauran koyon sai a jikin majinyaci, alhali mintoci kaɗan ba iska sun isa su lalata ƙwaƙwalwa. Darussan da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ke sakawa kyauta a intanet kuwa, da kuɗin aljihunta take sayen data ta sauke su.

Don Allah hukumomin lafiya su sayo kayan gwaji, su sa intanet a ɗakunan karatu na asibitoci.

Naku,
Wani mai karatu