Mai ɗaki ya ga yoyo, me ya hana shi hawa jinka?

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana, mu mazauna zango daga Kumasi har Yawunde, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a faɗe ta ba tare da kara ba. Matashi zai buɗe manhaja a wayarsa, ya tarar an fassara kalma da Hausar da ko kakarsa ba za ta gane ba, ko ya ga ƙ da ɗ sun rikiɗe sun zama akwatuna. Sai ya ɗauki hoto, ya watsa a Facebook, a yi dariya, a tsine wa Turawa, a watse. Wanda ya fi himma shi ne mai aika wa masu manhajar rahoto. Daga nan shi ma ya naɗe hannu yana jira.

Jiran wa? Buɗaɗɗiyar manhaja, irin su Firefox da LibreOffice da Linux da Linus Torvalds ya soma a 1991, aikin gayya ce. An baje rubutunta a fili domin duk wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Da yawa daga masu kula da irin waɗannan ayyuka 'yan sa-kai ne, sai sun tashi daga wurin neman abinci suke zama kansu. A 2014, sa'ad da aka gano ramin Heartbleed a cikin OpenSSL, duniya ta farga cewa makullin da ke tsare sirrin ɗimbin shafuka yana hannun mutane 'yan ƙalilan. In haka abin yake ga abin da bankuna suka dogara da shi, wa kake zaton zai bar barcinsa saboda ƙugiyar ɓ? Mutumin da ke Jamus bai san cewa Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y ba. Kai ka sani.

Za a ce mini ba kowa ne ya iya rubuta manhaja ba. Gaskiya ne, kuma rahoto mai kyau, wanda ya bayyana yadda tangarɗar ke faruwa daki-daki, shi ma gudummawa ce; ban raina shi ba. Na kuma san akwai masu kula da ayyuka da ke amsa baƙo da gatsali, har ya rantse ba zai dawo ba. Wannan laifinsu ne. Amma yawancin abin da ke damunmu bai kai can ba. Gyaran fassara sauya layi ɗaya ne. Mozilla na da dandalin Pontoon na masu fassara, tana da Common Voice inda ake karɓar muryar Hausa. A OpenStreetMap kana iya sa sunan lungun unguwarku a Nima da hannunka, yau ɗin nan.

Ku kuwa da kuka karanta kwamfuta a jami'a, uzurinku ya fi kowa rauni. Kun san yadda ake kwafo aiki a GitHub, a yi masa faci, a miƙa don a duba. Tsoron kada a mayar muku da shi ne? Za a mayar, wataƙila sau biyu, a nuna muku inda kuka karkace, kamar yadda malamin allo ke yi. A karo na uku sai ya shiga, kuma yaron da zai buɗe manhajar a Garwa ya ga sunansa da ƙugiyarsa daidai.